Shafi-Uku da Tsatsar Jiki

A filin sana'a na bayan kasuwa, masu fenti da masu walda suna gefe guda, kafintoci suna ɗaya gefen, a tsakiyarsu kuma rumfa ɗaya ce tak mai rufin kwano da daɓen siminti. Mai fenti in ba shi da rumfa ya shiga uku. Ruwan sama ya wanke masa aiki, rana ta fasa shi, iska ta kwaso dusar katako ta watsa a ɗanyen fenti, ƙofa ta fito kamar an barbaɗa mata gari. An yi ta rigima a kan rumfar nan har shugaban filin, wani tsohon makanike, ya gaji da rabon faɗa. Ya ce daga yau duk shekara a ja igiya, ɓangaren da ya janyo ɗaya ya haye layi shi ke da rumfa.

Masu fenti ne ke ci tun da aka fara. Kowa ya san dalili: wasu ƙattan masu walda biyu da suke tsayawa a gaba. Kowa fa, ban da Shafi-Uku, mutumin ƙarshe da ake ɗaura wa igiya a ƙugu. Ya samo sunan ne don ba ya barin fenti ya bushe yake ƙara wani a kai, wai in shafi ɗaya yana da kyau, uku sun fi. Ƙofofinsa ba sa shekara suke fara saɓa kamar maciji, amma a wajensa laifin ƙarfe ne. Mutum ne mai tumbi, da gashin baki irin na tsoffin sojoji wanda yake murzawa kafin kowace ƙarya.

"Ni ne rumfar nan," haka yake cewa. "Ku na gaba ado ne kawai. In na kafa dugadugaina, ko tirela sai ta nemi izini."

To bana ɗaya daga cikin ƙattan ya tattara kayansa ya koma wani gari. Masu fenti suka sha jinin jikinsu. Kafintoci kuwa suka fara zuwa da awo suna gwada rumfa a gaban idonsu, suna shawarar inda za su sa benci. Wanda ke riƙe musu bakin awon shi ne sabon mutumin ƙarshensu, Ƙusa, ƙanin matar Shafi-Uku, dogo siriri mara yawan magana, wanda katanga ce kawai ta raba gidansa da na yayarsa.

Ɓangarorin biyu suka shiga atisaye, kowa ya samu mataccen ƙarfen mota yana ja safe da yamma. Shafi-Uku ya ja sau ɗaya, ya kwana biyu yana tafiya kamar mai ɗauke da tulu. Yana kwance yana jinyar baya ne ya ci karo da wani bidiyo a waya. Wani ƙato mai ƙirji kamar ƙofar gareji yana bayani cewa jikin mai motsa jiki yana tsatsa daga ciki kamar ƙarfe, kuma akwai sinadaran da ke hana wannan tsatsa, ga su nan a kwalba.

Shafi-Uku ya miƙe zaune, ya manta da ciwon baya. Washegari ya hau kan durom a tsakiyar fili.

"Jama'a, duk tsatsa kuke yi! Kai, tsatsa. Kai ma tsatsa. Shugaba kuwa ya riga ya huje. Shekara nawa ina yaƙi da tsatsa a ƙarfe, ashe tana cikina tana cin tuwona. Ni zan yi wa jikina fenti ta ciki!"

"Allah sa kar ya saɓe kamar ƙofar gidana," in ji shugaba, ko ɗago kai bai yi daga injin da yake kwancewa ba.

Ya nufi kemis ya jero wa mai shagon sunayen ƙwayoyi. Matar ta leƙo shi ta saman tabarau.

"Likita ne ya ce ka rasa wani abu a jiki?"

"Hajiya, ni ne likitan tsatsa."

"To Malam, abin da kake nema yana cikin lemu da tumatir da karas da ganye da wake. In ka ci su, jiki ya ɗauki abin da yake so daidai wa daida. Ƙwayoyin nan in sun yi yawa sai su juya maka ciki, har amfanin atisayen ma suna iya ragewa, don 'yar wahalar da jiki ke sha ita ke koya masa ƙarfi. In ka nace, ga wannan, ɗaya a rana bayan ka ci abinci."

"Ɗaya?" Ya murza gashin baki. "Hajiya, kin taɓa ganin an yi wa ƙofa shafi ɗaya?"

Da ta hana shi sauran, sai ya bi shagunan unguwa yana tsinta, nan kwalba, can kwalba. Ya dawo gida leda na ƙara kamar ya sayo tsakuwa. Ya tarar matarsa ta ajiye masa shinkafa da wake da alayyafo, ga yankakken karas da tumatir a gefe, ga lemu an ɓare. Ya ture tiren da ƙafa.

"Maman yara, daga yau kar a sake kawo mini ciyawa. Ni ba akuya ba ne. Farar shinkafa da burodi, sai waɗannan." Ya girgiza wata kwalba. "Ƙwaya ɗaya a nan ta fi buhun lemu."

"To sannu. Sai ka riƙa matsa ta kana shan ruwan."

"Ke dai ba ki san kimiyya ba."

"Na san kasuwa na je, na tsinke ganyen nan, na dafa. Zubarwa zan yi?"

"Ki ba mabuƙata."

Matar ta ɗauke tiren. Ta juye abincin a kula, ta taka turmi, ta miƙa wa ƙaninta ta saman katanga. Daga ranar kullum haka.

Makonnin farko Shafi-Uku ya cika fili da labari. Ya daina zuwa jan mataccen ƙarfen, wai ƙarfinsa yana haɗuwa ne a ciki, bai kamata a dame shi ba. Yakan zauna a rumfa ya watsa ƙwayoyi cikin baki kamar gyaɗa, ja da fari da ruwan ɗorawa, ya kora da shayi, yana yi wa masu gumi gyara.

"Ku lanƙwasa gwiwa! Kai, wannan ja ne ko gaisuwa?"

Abu na farko da ya fara fitowa tafin hannunsa ne. Ya koma launin ruwan lemu. Wata mata da ta kawo gadon ƙarfe ta hana shi taɓawa.

"Malam, fari na ce. Ka wanke hannu tukuna."

Ya wanke da sabulu, ya wanke da kananzir, ya goge da tsumma har fata ta yi zafi, launi na nan daram. Mai walda ya ce a kai shi asibiti, ko ciwon shawara ne. Shafi-Uku ya ɗaga tafukan sama kowa ya gani.

"Jahilci! Wane launi ne fentin hana tsatsa? To shafin farko ne ya kama."

Na biyu numfashinsa ne. Ya fara warin tafarnuwa, shi da rabonsa da tafarnuwa tun ranar da ya ture tire. Wanda ke tsayawa gabansa a layin igiya, wani mai fentin mota da ake kira Feshi, ya rantse ba zai ƙara ba.

"Wallahi in ka ce 'ku ja', ƙafafuna ne ke mutuwa. Ko dai ka yi shiru ko a juya ka ka kalli baya."

"Tsatsar ce ke fita ta baki."

"To ta nemi wata hanya, don Allah."

Na uku shi ne wanda ya taɓa masa zuciya. Yana tsaka da ba da labarin yadda ya taɓa tsayar da bijimi da hannu ɗaya, ya murza gashin baki, sai ga rabin ɓangaren hagu a yatsunsa. Iska ta ɗauke shi ta manna a ƙofar da ya gama shafawa. Feshi ya matsa ya duba ƙofar da kyau.

"Wannan na cikin farashi, ko kyauta ce ga mai ƙofa?"

A gaskiya ranar ya tsorata, don gashin bakin nan ya fi ƙaunarsa a kan kowace dukiya tasa. Amma mutum irin Shafi-Uku ba ya juyowa. Washegari ya fito da gashin baki cikakke, baƙi wuluk, yana ƙyalli fiye da da. Sai da ƙuda ya sauka a kai ya kasa tashi aka gane ƙaramin buroshi ne ya yi aikin.

Ana cikin haka ya hango Ƙusa zaune a kan katako yana cin abinci a wata kula mai murfi kore. Ya ƙura mata ido. Ƙusan ma ya canza, wuya ya cika, hannayen riga sun fara matse shi, ga shi shi kaɗai yake jan ƙarfen motarsu bayan kowa ya gaji.

"Kai Ƙusa, wannan ba kulata ba ce?"

"Ita ce, Yaya. An ce ka ce a ba mabuƙata."

Kafintoci suka kwashe da dariya. Shafi-Uku ya fi su ƙyaƙyatawa, har yana riƙe tumbi.

"Ci, ƙanina, ci! Ku dube shi, ganye da wake, abincin zamanin da. Ranar igiya zan fizge ka kamar ƙusa daga ruɓaɓɓen katako. Maman yara ta ƙara maka, in ji ni!"

"Na gode, Yaya. Jiya lemun ya yi kaɗan."

Ranar igiya fili ya cika maƙil. 'Yan kasuwa sun rufe shaguna, mata sun jeru a inuwar bango, mai kemis ma ta zo da kujerarta. Shafi-Uku ya tashi da sassafe ya ƙi karyawa, wai abinci zai tare wa maganin hanya. Ya juye ragowar kwalaben a kofi, ya zuba ruwa ya dama da bayan cokali, ya shanye yana yatsine fuska.

"Baban yara, ko burodi ka sa a cikin nan," in ji matarsa.

"Shafin ƙarshe ba a gauraya shi."

Da aka jefa kwabo masu fenti suka ci zaɓen gefe. Feshi ya ce su ɗauki gefen gangare, kowa ya yarda, sai Shafi-Uku ya yi tsalle ya dire. Shi gefen da zai fuskanci 'yan kallo yake so, don masu ɗaukar hoto su samu fuskarsa. Aka bar masa don a zauna lafiya. Ba wanda ya kula cewa ban-ɗakin filin, guda ɗaya tilo, ya koma can ƙarshe a bayan kafintoci.

Ya naɗa igiya a ƙugu, ya ƙulla, ya sake ƙullawa, ya ƙara na uku a kai.

"Ƙullin nan ko ni ban san yadda ake kwance shi ba. Sai dai a binne ni da rumfa!"

Shugaba ya tsaya a kan layi ya maimaita doka: ɓangaren da ko mutum ɗaya nasa ya haye layi ya faɗi. Ya busa usur.

Igiya ta miƙe ta yi ƙara. Ƙaton mai waldan da ya rage ya kafe, jijiyoyin wuya sun tashi, kuma abin mamaki masu fenti suka fara samun taku. Ashe wahalar ƙarfen motar ba ta tafi a banza ba. Mata suka ɗau shewa. Kafintan farko ya zo dab da layi. Shafi-Uku yana baya yana ihu yana kallon masu hoto, gumi ya narkar da fentin gashin baki, baƙin layi biyu sun gangaro masa har haɓa.

Sai cikinsa ya yi wani ƙugi da Feshi ya ji ta bayansa.

"Me ke nan?"

"Ƙarfi ne ke tasowa. Ja!"

Ƙugi na biyu bai tsaya tambaya ba. Shafi-Uku ya matse ƙafafu, idanu suka firfito. Ya kai hannu ga ƙulli, ƙulli ya ce bai san zancen ba. Ya waiga baya, katanga ce. Ya duba gaba, can nesa ta saman kawunan kafintoci, ga ƙofar ban-ɗaki a buɗe tana lilo.

"Feshi, matsa."

"In matsa ina? Saura taku ɗaya mu ci!"

"Na ce matsa!"

Ya saki dugadugan da tirela ke neman izininsu, ya ruga gaba. Ya bangaje Feshi, Feshi ya faɗa kan na gabansa, layin masu fenti ya zube kamar an ture jerin gwangwanaye. Kafintoci da suka ji igiya ta saki suka zube ta baya. Shafi-Uku ya tsallake mai walda, ya haye layi ta gaban shugaba da usur a baki, ya ratsa kafintoci yana taka hannun wannan da cikin wancan, igiya na bin sa a ƙasa. Tun da aka kafa filin ba a taɓa ganin mai tumbi ya yi gudu irin wannan ba.

Saura taku kaɗan ya kama ƙofar, igiya ta ƙare. Ta fizge shi ta ƙugu ya zauna daɓas. Ya waiwaya. Ɗaya bakin igiyar na ɗaure a ƙugun Ƙusa, wanda shi kaɗai bai faɗi ba, yana tsaye ya raba ƙafafu.

Nan aka yi jan igiyar gaskiya. Shafi-Uku ya miƙe ya ja da duk abin da Allah ya ba shi, ya kafa ƙafa, ya yi nishi, ya kama ƙasa da tafukansa masu ruwan lemu. Ƙusa ko gezau. Sai ma ya sa hannu a aljihu ya fito da lemu ya fara ɓarewa.

"Ƙusa! Matso!"

"Yaya, ka ce fizge ni za ka yi. Ina jira."

"Ƙanina, don girman Allah, taku uku kawai!"

"Rumfa ta wa ce?"

"Taku ce! Ku haɗa da durom ɗina!"

Ƙusa ya yi taku ɗaya, ya jefa ɓarin lemu a baki.

"Ganye da wake abincin wa ne?"

"Na mutanen kirki! Matso!"

Ya ƙara taku ɗaya. Yatsun Shafi-Uku suna shafar ƙofar amma ba su kama ba. Filin ya kaure da dariya, wata mata ta zauna a ƙasa tana share hawaye, mai kemis ta rufe fuska da mayafi kafaɗunta na rawa.

"Saura ɗaya, Yaya. Wa ya yi tsatsa?"

Shafi-Uku ya dubi jama'a, ya dubi masu hoton da ya zaɓi gefe dominsu, duk sun saita shi. Ya buɗe baki zai yi ta maza, cikinsa ya riga shi magana.

"Ni ne! Ni ne na yi!"

Ƙusa ya yi takun ƙarshe. Ƙofa ta rufe, igiya ta bi ta ƙarƙashinta. Ko ya kai a kan lokaci ko bai kai ba, har yau bakin mutane bai zo ɗaya ba. Abin da kowa ya gani dai shi ne matarsa ta tashi daga cikin mata ba tare da gaggawa ba, ta buɗe jakarta, ta fito da wando a ninke ta miƙa ta saman ƙofa. Tun daga gida ta taho da shi.

Sai da aka kawo zarto daga wajen kafintoci aka yanke ƙullin.

Kafin mako ya zagayo bencinan kafintoci sun cika rumfa. Masu fenti suna waje, kowa ya ja kayansa nesa da Shafi-Uku, ba mai amsa masa sallama sai ƙaton mai walda, shi ma da hanci. Duk da haka bakin bai mutu ba. Ya ce wa duk wanda ya tsaya, a tarihin filin nan ba wanda ya taɓa haye layi da sauri irin nasa, a tambayi masu hoto.

Da azahar matarsa ta biyo da kula mai murfi kore ta ajiye masa. Ya juya wa rumfa baya, ya buɗe, ya fara tura alayyafo da wake hannu baka hannu ƙwarya, leɓensa na sama fayau ba gashi ko ɗaya. Ƙusa ya leƙo daga inuwa, abin goge katako a hannunsa.

"Yaya, tun da ka koma cin ciyawa aka yanke mini kasona. Don Allah baɗi in igiya ta matso ka koma ƙwayoyinka. Mu za mu saya maka."

Shafi-Uku ya kai hannu zai murza gashin baki, ya tarar ba komai a wurin. Sai iska ta taso daga rumfa, ta kwaso dusar katako ta lulluɓe ƙofar da ya gama yi wa shafi na uku.